Ɗan manomi da kwantenar farko: amsa ga mai son fitar da riɗi da soɓo ƙasashen waje

Wani matashi daga Daura ya aiko da wannan tambaya: “Ina koyarwa a makarantar sakandare, na kuma tara ’yan kuɗi. Mahaifina manomi ne, babu wanda ya taɓa kasuwanci a gidanmu. Ina son in riƙa fitar da riɗi da soɓo zuwa ƙasashen waje. Manyan da na tuntuɓa ba su saurare ni ba, masu koyarwa a intanet kuma kuɗi suke nema. Da wane tunani zan shiga, ta yaya zan sami ubangida, kuma shin in ajiye aikina?”

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah Ya sa albarka a abin da ka tara. Na daɗe a harkar kayan gona, tun daga awo a kasuwannin ƙauye har zuwa lodin kwantena, kuma tambayarka ta faranta mini rai, domin yawancin matasan da ke zuwa wurina lambar wayar mai saye kawai suke so in ba su.

Shawarata ita ce kada ka fara neman mai saye a Turkiyya ko Meksiko tukuna. Nemi wanda ya riga ya sami mai saye, ka zama mai tara masa kaya, ka yi kaka biyu ko uku a haka. Na san ba abin da kake son ji ke nan ba, don haka bari in faɗa maka dalili.

Yaron da ya tashi a gidan ’yan kasuwa yana gadon abin da ya fi kuɗi tsada. Tun yana ɗaukar wa mahaifinsa buta yake jin wane dillali ne ke zuba yashi a gindin buhu, wane direba ne ke rage kaya a hanya, wace shekara ce farashi ya karye aka yi kuka. Ya ga mahaifinsa ya faɗi ya kuma tashi, saboda haka faɗuwa ba ta firgita shi. Idan ya shiga kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano ya ce shi ɗan wane ne, za a ɗora masa kaya bashi kafin ya gama gaisawa. Kai ba ka da wannan. Hanya biyu ce ake samunsa: ko ka saye shi da jarinka ta hanyar asara, ko ka are shi daga wanda ya riga ya biya. Amfanin ubangida ke nan. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga gidan fatake ya fito, ya kuma yi fataucin goro zuwa Gwanja, amma da ya shiga harkar gyaɗa ta ƙofar tara kaya ya shiga: a 1918 ya zama wakilin sayen gyaɗa na kamfanin Turawa na Niger Company. Idan ɗan fatake ya bi ta wannan ƙofa, babu abin kunya don ɗan manomi ya bi ta.

Kada kuma ka raina gidan da ka fito. Ka san yadda ake yankan riɗi a ɗaure shi dami-dami, a tsayar da shi ya bushe, sannan a kifa shi a kakkaɓe. Ka san cewa wanda ya kakkaɓe a kan tamfol riɗinsa fes yake fitowa, wanda ya kakkaɓe a ƙasa kuwa ya share da tsintsiya, yashi da tsakuwa da kashin awaki duk suna cikin buhunsa. A wannan wuri ingancin kaya yake lalacewa, tun kafin ya ga kasuwa. Attajirin da ke zaune a ofis a Kano ko Legas yana biyan kuɗi masu yawa don gyara abin da kai za ka iya hanawa da tamfol guda da magana mai daɗi da manomi. Wannan shi ne jarinka na farko, kuma shi za ka kai wa ubangida.

Batun tunani kuwa, abu na farko da za ka raba a zuciyarka shi ne ajiya da fitarwa. Mutanenmu sun saba da ajiya: a saya da kaka a zuba a sito, a jira bazara farashi ya tashi. Mai ajiya farashi yake jira. Mai fitarwa alkawari yake sayarwa: tan kaza, mai tsabta kaza, danshi bai wuce kaza ba, zai hau jirgi kafin rana kaza. Mai sayen riɗi yakan rubuta a yarjejeniya cewa tsabta ta kai kashi 98 ko 99 cikin ɗari ko fiye, danshi kada ya wuce kashi 6 ko 7, ya kuma faɗi yawan man da yake so a cikin ƙwayar. Da zarar ka sa hannu, ko farashi ya ninka a Mai’adua washegari, cikawa za ka yi. A nan sababbi da yawa suke karyewa. Su sa hannu kayan ba sa hannunsu, farashi ya tashi, sai su kashe waya. Masu sayen nan kuwa sun san juna fiye da yadda kake zato. Wanda ya guje wa ɗaya ya guje wa goma.

Na biyu, ka ɗauki algus a matsayin abin da zai kashe ka, ba kai kaɗai ba har da maƙwabtanka. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka riƙa samu a cikinsa, irin wanda muke kira fiya-fiya. Ba kowane mai wake ne ya zuba ba, amma kowa ya sha hukuncin. Meksiko, wadda ita ce babbar mai sayen soɓonmu saboda yadda suke shansa kamar yadda muke sha, ta taɓa rufe mana ƙofa na tsawon shekaru saboda ƙwaron sito da aka gani a cikin kaya, kuma ba ta buɗe ba sai da aka tsaurara ƙa’idar turara kayan kafin lodi. Japan tana auna ragowar maganin feshi a riɗi da tsanani, Turai kuma tana bincikensa don ƙwayar cutar salmonela, wadda kashin tsuntsaye da na dabbobi ke kawowa a wurin shanya. Ba sai Turawa sun koya mana wannan ba. Ya tabbata a hadisin Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce wani tarin abinci, ya sa hannunsa a ciki ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma ce mai ha’inci ba ya tare da shi. Na’urar gwajin da ke tashar jirgin ruwa a Yokohama ta Japan ko Mersin ta Turkiyya aikin wannan hannu take yi, sai dai ita kowane ɓoyayyen abu sai ta fito da shi a rubuce.

Na uku shi ne lissafi, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin nan ne masu takardar makaranta suke zaton sun fi ƙarfi alhali nan suka fi faɗuwa. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kusan tan 19 na riɗi, wato buhu 380 masu kilo 50. Soɓo ba shi da nauyi, wuri yake ci, don haka mai ƙafa 40 ake nema masa, ita ma kusan tan 12 take ɗauka. To mu ƙaddara riɗin da ka saya yana zubar da kashi 5 cikin ɗari a wurin rairaya da injin tsaftacewa. Ke nan sai ka sayi tan 20 kafin ka cika tan 19. Tan guda ya tafi a yashi da ƙaiƙayi, kuma ka biya shi da farashin riɗi, ka biya masa la’ada, ka biya masa dako da mota. Idan zubarwar ta kai kashi 8, a ciniki da yawa ribar ta riga ta mutu tun kaya ba su bar Kano ba. Sai ka ɗora kuɗin sababbin buhuna, kuɗin inji, kuɗin matan da ke tsintar soɓo, turara kaya, gwaji, tirela zuwa Legas da abin da ake karɓa a hanya, kuɗin wakilin tasha, da kuɗin kwanakin da kwantena za ta yi tana jiran jirgi. Akwai kuma wanda ba a gani a rasit: tsawon lokacin da kuɗinka zai yi yana barci. Daga ranar awo zuwa ranar da dala za ta shigo asusunka, wata biyu ko uku ba abin mamaki ba ne. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a kwantena ɗaya, ranar da aka ce an riƙe ta don ƙarin bincike ba ya iya barci, kuma marar barci shi ne ke karɓar kowane ragi mai saye ya yanka masa.

Ka kuma yi hattara da ribar canji. A watan Yunin 2023, lokacin da aka saki naira, dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mutane da yawa sun ga kuɗi a lokacin suka ɗauka gwaninta ce. Farashin riɗi a ƙauye ya bi dala da gudu, sannan a watan Afrilu dala ta sauko ƙasa da 1,200, waɗanda suka cika sito da tsada suka ji a jikinsu. Ka yi lissafinka da dala, ka ga ko akwai riba idan canji bai motsa ba. Idan babu, to babu ciniki. Haka dokar gwamnati take sauyawa ba sallama: an rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma mu da muke Jibiya da Kongolam a bakin ƙofa mun san abin da hakan ya yi wa kasuwa. A Agustan 2025 ma an dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya. Shi ya sa ba a jingina rayuwa da kaya iri ɗaya ko hanya ɗaya.

Takardu ba su ne wahalar ba, don haka ba zan tsaya a kansu ba. Ka yi rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka karɓi shaidar mai fitar da kaya daga NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya ƙasashen waje, ka buɗe asusun kuɗin waje da sunan kamfanin. Kowane lodi yana da fom ɗin NXP, na bayyana kayan da za a fitar da kuɗinsu, da ake cikawa ta banki, da harajin NESS, wato kuɗin duba kayan fitarwa, na rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajar kayan, da takardar lafiyar tsirrai daga NAQS, hukumar da ke duba lafiyar kayan gona. Babban Banki yana buƙatar kuɗin kayan su dawo gida cikin kwana 180. Duk wannan za ka koye shi cikin ’yan makonni idan kana zaune kusa da mai yi, kuma shi ne kaɗai abin da yawancin masu sayar da darasi a intanet suke da shi. Ban ce duka maƙaryata ba ne. Amma duk wanda ya ce ka biya ya ba ka jerin sunayen masu saye, tambaye shi me ya hana shi sayar musu da kansa.

Yanzu batun ubangida. Ka ce manya ba su saurare ka ba. Ina zaton ka je ka ce, “Alhaji, ina son ka koya mini harkar fitar da kaya.” Ka duba yadda maganar take shiga kunnensa: ga baƙo yana son in ba shi lokacina da sirrin sana’ata don gobe ya zama kishiyata. Sauya maganar. Je ka da samfur a leda, kwano ɗaya na riɗi daga Zango ko Baure ko Sandamu wanda ka tabbatar a tamfol aka kakkaɓe shi, ka ce, “Ranka ya daɗe, ina iya kawo maka irin wannan, buhu ashirin a mako, a gwada ni.” Kada ka nemi ya ba ka kuɗi. Sayi da naka, ka kai, a auna, a biya ka. Idan buhu na ashirin ya zo daidai da samfur, ka riga ka fita daga cikin taron masu zuwa gaisuwa. Kana kuma da abin da dattawan kasuwa da yawa ke buƙata: Turanci da kwamfuta. Yi masa wasiƙa, duba masa yarjejeniya, bi masa sawun takarda a banki. Ta haka za ka ga ainihin takardun ciniki, da farashin da aka sayar, da abin da aka cire, waɗanda babu mai nuna maka su a aji.

Kuma kada ka je kai kaɗai. A ƙasarmu da ɗan gari akan ci gari. Nemi wanda Alhajin yake jin kunyarsa, limamin unguwarsu ne, tsohon abokin karatunsa ne, ko dillalin da suka daɗe tare, ya kai ka ya ce, “Wannan yarona ne.” Wannan kalma ita ce sunan uban da ba ka gada ba, saboda haka ka riƙe ta da kyau, domin ranar da ka ci amana mutuncin wanda ya kai ka ne ya zube.

Ba lallai ubangidanka ya zama mai manyan motoci ba. Mafi yawan abin da na sani game da riɗi daga wani dattijo mai awo na koya, mutumin da bai taɓa ganin teku ba. Idan aka sauke buhu ba ya kallon bakinsa. Ƙarfe yake sokawa a gindi da tsakiya, ya zuba a tafin hannu, ya hura ya ga abin da zai tashi, ya murza da babban yatsa ya ga mai, ya kai hanci, sannan ya tauna ’yan ƙwayoyi. Idan ya ji gardi sai ya gyaɗa kai. Idan ya ji ɗaci ko warin daɗewa sai ya ce a mayar, ko mai kayan ɗan’uwansa ne. Soɓo kuwa launi yake fara dubawa, mai duhun ja da bai karairaye ba, sannan ya damƙa ya ji ko yana ƙara a hannu, alamar ya bushe. Zauna kusa da irin wannan mutum kaka guda, ka riƙa saya masa goro. Sannan ka nemi na biyu wanda ya san tasha da banki, domin da wuya mutum ɗaya ya haɗa duka. Idan kuma Allah Ya haɗa ka da wanda ya taɓa karyewa ya dawo, to ka riƙe shi hannu biyu. Alamar ubangidan kirki ita ce yana ba ka labarin asararsa da adadinta, yana kuma iya ce maka “kada ka saya” a ranar da kowa ke saye.

Akwai haƙƙinsa a kanka, kuma ina so ka ji wannan da kyau. Za ka ga sunan mai sayensa a takarda. Kada ka taɓa rubuta wa wannan mutum a bayan idonsa, ko da shi ne ya neme ka. Na ga matasa masu ƙwazo da suka yi haka. Sun ci ribar kwantena ɗaya, daga nan babu sito a Dawanau da ya sake buɗe musu ƙofa. Duk abin da ya shiga tsakaninku na kuɗi kuma a rubuta, da shaidu, ko da kuna jin nauyin juna. Aya mafi tsawo a Alƙur’ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Idan ka fara ba manoma kuɗi kafin kaka, bi ƙa’idar cinikin salam yadda malamai suka bayyana: awo sananne, siffa sananniya, lokaci sananne. Fara da mutum biyar da mahaifinka ya san gonakinsu, domin ranar da farashi ya tashi wasu za su kai kayanka kasuwa su ce fari ne ya cinye.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa wa irinku ba shi ne nauyin gida. Kai ne na farko, don haka ranar da aka ga tirela ta tsaya da sunanka, dangi za su ɗauka duk abin da ke cikinta naka ne. Biki, suna, asibiti, kuɗin makaranta, duk ƙofarka za a buga, kuma mafi yawansu buƙatu ne na gaskiya. Ba zan ce ka rufe hannu ba, Allah Ya kiyaye. Yanka wa kanka albashi daga kamfanin, ka yi zumunci daga cikinsa da kuma ribar ƙarshen kaka, ka fitar da zakka idan ta cika, uwar kuɗi kuwa ka ɗauke ta amana ce a hannunka. Zaunar da Baba ka nuna masa lissafin tun yanzu. Manomi ya san ba a cin iri, kuma idan ya fahimta shi zai riƙa tare maka masu zuwa.

Idan lokacin kwantenarka ta farko ya yi, fi so ka yi ta da ubangidanka, ko rabi da rabi ko ka bi ta ƙarƙashin yarjejeniyarsa da saninsa. Mai saye naka na kanka ka neme shi a inda ake ganin fuska, irin baje kolin abinci na Gulfood da ake yi a Dubai duk shekara, ko ta tarukan da NEPC ke shiryawa. Duk “mai saye” da ya ce ka fara turo kuɗin rajista, ɗan damfara ne. Ga sabon abokin ciniki, nemi kafin alƙalami, sauran kuma a biya idan ka tura hoton takardar jirgi, wato shaidar da kamfanin jirgin ruwa ke bayarwa cewa ya ɗauki kayan, ko a buɗe takardar lamunin banki, wadda bankin mai saye ke yin alkawarin biya da ita. Takardar jirgi ta asali ita ce kayan. Kada ta bar hannunka ko hannun bankinka kuɗi ba su shigo ba. Ka kuma tambayi halin da tashoshin tudu, inda ake lodin kwantena ba tare da an je bakin teku ba, suke ciki a lokacin, ta Funtua da ta Dala a Kano da ta Kaduna, ka kwatanta kuɗinsu da na kai kaya Apapa ko Lekki kai tsaye. A hanyoyin kudanci da yammacin jihar nan ta Katsina kuwa, inda matsalar tsaro ta fi yawa, kada ka yi yawo da tsabar kuɗi, kada kuma kowa ya san ranar tafiyarka.

Aikinka na koyarwa kada ka ajiye shi yanzu. Riɗi yana shigowa kasuwa daga wajen Oktoba, soɓo ya biyo baya da sanyi, kuma cin kasuwannin ƙauye da kai kaya Kano abu ne da za ka iya tsarawa a ƙarshen mako da lokacin hutu, muddin ba ka tauye haƙƙin ɗalibanka ba. Albashin nan shi ne zai hana ka taɓa jari don cefane. Ka ajiye alli ranar da littafinka ya nuna cewa ribar kaka biyu a jere, bayan ka cire komai har da ladan wahalarka, ta wuce albashinka na shekara biyun, kuma ubangidanka da kansa ya fara kiranka yana tambayar nawa riɗi ya kwana a Mai’adua kafin ya yanka wa mai sayensa farashi.